Taɓaryar Gwaggo Tasalla

Tun da hukuma ta shafe gidajen unguwa da fenti mai shanye ƙara, Gwaggo Tasalla ba ta ga daidai ba. Jajiberin sunan jikanta ta wuni tana dukan turmi, amma ba maƙwabciyar da ta ji, balle ta shigo taya ta daka. Fura ba ta wadata ba, ta sha kunya.

Ta saɓa taɓarya, sai ofishinsu.

"Ku zo ku kankare mini tsiyarku!"

Bango ya haɗiye ihun. Ma'aikacin da ta tarar ya yi murmushi. "Gwaggo, sassauta. Nan ba a jin mai ɗaga murya."

Ta sassauta. "Ɗan nan, ko kai ka yi ihu?"

"Ko ni."

Ta tura ƙofa ta rufe, ta tofa yawu a tafin hannu, ta gyara riƙon taɓarya.