Suna Na Biyu

Malam Jalaluddeen ya buɗe kwamfuta cikin sauri, don masu kwalekwalen Wara sun fara zama a tabarma. Shi ya koya wa kansa rubuta manhaja, shi kuma ya haɗa wadda za ta tura saƙon faɗa ga duk wanda ya ƙi fitowa gayyar share bakin ruwa.

Suna na biyu a jerin masu laifin da shugabansu ya ba shi ne ya dame shi. Mutum ne mai mutunci, mai yi wa jama'a nasiha, bai kamata a kunyata shi ba. Ya rubuta umarni a cire lamba biyu a sa Gidaɗo, wanda ya tafi Yelwa, ba ya nan balle ya yi musu.

Ya miƙe ya ce, "Lalaci ya yi mana yawa. Na'ura ba ta kunyar kowa. Wanda wayarsa ta yi ƙara ya tashi ya karanta da bakinsa."

Ya zauna ya danna. Wayar Mamman, na farko a jerin, ta yi ƙara. Sai ta aljihun Malam Jalaluddeen ta amsa.

Nan ya tuna cewa kwamfuta daga sifili take fara ƙirga. Wanda ya cire na uku ne, Tamada, ragon da bai taɓa ɗaga tsintsiya ba. Suna na biyu kuwa, nasa na kansa, yana nan daram.

Tamada ya duba wayarsa, shiru. Ya gyara zama.

"Tashi mana, Malam. Kuma ka ɗaga murya, mu na baya ba ma ji sosai."