Yakuwar Mama Filomina

Mama Filomina ta duba gabas, ta duba yamma, sannan ta durƙusa a gindin ayaba kamar mai gyara takalmi. Ta huda ƙasa da ɗan yatsa, ta kwance bakin zani, ta jera ƙwayoyin yakuwa, ta rufe. Kafin Turawan da ke ɗaukar hoto su waiwayo, har ta koma kan bencinta tana share gumi.

Wa zai ce wannan ce matar da sanyin New York ya kusa kora gida? Ɗanta Dalyop, ma'aikacin jinya, shi ya ɗauko ta daga Vom don ta zauna da matarsa Aminci mai tsohon ciki. Mama da kullum take cika baki cewa 'yar Filato ba ta tsoron sanyi, sai ga ta manne da hita kamar kyanwa a murhu. Abinci ya daina shiga, waƙar coci ta daina fita. Rannan ta ja akwatinta bakin ƙofa, ta ce a saya mata tikiti, jikan kuwa a nuna mata shi a waya. Aka saya, don ba a musu da ita.

Dalyop ya tsorata ƙwarai. Aminci ba ta da kowa a Amurka, ga haihuwar fari.

"Mama, kafin ranar tafiyar ta zo, bari in kai ki wani tsibiri," in ji shi. "Can ba su san sanyi ba."

Ta bi shi tana mita. Amma tana shiga wurin, wani zafi mai laima ya rufe ta, ta tsaya cak. Ga kwakwa, ga gwanda, ga koko, ga ruwa kwance da manyan ganyaye a kansa. Gwiwar da ta daɗe tana yi mata tsiya ta saki. Ranar ta ci tuwo har da neman ƙari.

Sabawa dai sai a hankali, don wurin yana da nasa hali. Ruwan sama yakan sauko siriri, ba hadari ba tsawa, ya ɗauke kamar an ce masa ya isa. Sauro ko na magani babu, balle akuya. Kowace bishiya an kafa mata allon suna, sai ka ce ɓata za ta yi. Gwanda ta nuna har ta gaji, ba mai taɓawa. Ranar da Mama ta miƙa hannu za ta yanki ganyen ayaba don alale, wata ma'aikaciyar wurin mai koriyar riga ta zuba mata Turanci mai tsawo. Ta haƙura.

Abu ɗaya ne ta kasa haƙuri da shi: baƙar ƙasa mai danshi kwance a banza. Manomiya ce tun tana yarinya, hannunta ƙaiƙayi yake yi.

Dalyop kuwa ya riga ya ja mata kunne. Dokar wurin ba ta wasa: ba a cira, ba a shukawa, kuma wanda aka kama ba zai ƙara taka wurin ba. Mama ta san in aka kore ta daga nan, babu abin da ya rage mata sai akwati. Duk da haka ta shuka, ta kuma riƙa leƙawa kullum kamar mai jego. Yakuwa ta tsiro, jan kara, ganye shar. Ranar tafiya ma tana ta matsowa.

Wata safiya ta tarar da wani mai koriyar riga tsugune a kan shukarta, da bokitin ciyayi a gefensa. Tana cikin harhaɗa Turancin roƙo, sai mutumin ya ɗago.

"Madam, yakuwa ce wannan, ko idona ne?"

Hausa ce tsantsa, ta mutanen Maraɗi. Harouna sunansa.

"Tsuntsu ne ya yar, ɗana," in ji Mama.

"To, tsuntsun nan ya iya layi."

Ya tsinki ganye ɗaya ya tauna. Tsamin ya kama shi, ya runtse ido, ya daɗe bai buɗe ba. Rabonsa da ɗanyar yakuwa tun yana gida.

"Patron, wato shugabanmu, yana zagayawa yau," ya ce. "Duk abin da ba shi da suna, tumɓukewa ake yi."

Ya ɗauki bokitinsa ya wuce. Mama ta zauna tana karanta duk Zaburar da ta sani. Can sai ga Harouna da sauri, ya soka wani abu a ƙasa, ya koma. Bayansa ga shugaban, dogon Bature mai tabarau. Ya tsaya daidai kan yakuwar, ya sunkuya, ya karanta sabon allo mai dogon sunan Latin, ya gyaɗa kai kamar shi ya aika a kawo ta. Ya yi gaba.

"In ta isa girbi, rabawa za mu yi," Harouna ya raɗa mata. "Matata Fatsuma za ta yi kuka in ta gani."

Daɗi ya kashe Mama Filomina. Nan take ta buga wa Dalyop waya.

"Tikitin nan, a ɗaga shi. Ina da shuka a ƙasa, ba inda zan je. Jikan ma da hannuna zan yi masa wanka."

Ihun murnar da ya yi sai da ta janye wayar daga kunne.

Da yamma aka kaɗa ƙararrawar tashi. Mama Filomina ta saka suwaita kan suwaita, ta ɗora kwat, ta ja safar hannu, sannan ta tura ƙofar katafaren gidan gilashin da ake renon itatuwan ƙasashen zafi a lambun Bronx na birnin New York, ta taka cikin dusar ƙanƙara zuwa tashar bas.