Giyar Motar Malam

Da hantsi Nasidi ya murɗa makulli, motar ta yi tari sau biyu ta kama. Iya Sailuba da ke kujerar baya cikin sabon leshi ta rangaɗa guɗar da rabonta da irinta tun ranar aurensa.

Shekara huɗu motar marigayi Malam tana kan duwatsu a ƙofar gida, giya ta cinye haƙoranta. Tsohuwa ce tukuf, tun kafin a fara naira aka saye ta. Ita Iya yanar ido ta rufe mata gani, amma kunnenta ras, kuma ta ji abin da ake faɗi a unguwarsu, Ƙofar Gayan: wai ɗan da ta sayar da tumakinta ta kai shi koyon kanikanci garejin Idi, ko motar ubansa ya kasa tayarwa. Shi ya sa ta rantse, sunan jikarta a Kwarbai, in ba a motar nan ba to ba ta zuwa.

Wata guda Nasidi bai zauna ba. Ya je kasuwar Panteka neman giya, ya je Kano. Wannan giyar ta yi tsawo, waccan ramukan kusoshinta ba su hau ba, wata kuma haƙoranta sun ɗara da biyu. Kullum sai Iya ta tambaya. Jiya dai ya ce mata, "Iya, gobe za ki je."

To ga shi kuwa ana tafiya! A hankali, sumul, kamar a kan katifa. Nasidi ya ɗage gilasai wai kada iska ta taɓa mata ido, ya ƙure kaset. Iya ta kasa kunne tana jiran gurnanin nan da giyar ke yi zamanin Malam. Shiru.

"Nasidi, ka sa ta biyu?"

"Har ta uku, Iya."

"Kai! Ko ƙis ban ji ba. Ubanka bai taɓa samun wannan laushi ba."

Daɗi ya hana ta zama. Ta lalubi marfi ta sauke gilashi. Mata na ta shewa daga zauruka, wani mai shago ya ɗaga murya, "Sannunku da ƙoƙari!"

"Yauwa, mun gode!" in ji Iya.

Can ta tsinci muryar Jummai, wadda ta fi kowa yawo da maganar. Iya ta ce a tsaya. Nasidi ya taka birki, wani abu ya ce dum a baya.

"Rami ne, Iya."

"Jummai, ko mu rage miki hanya?"

"A'a Iya, nauyin ya isa haka!" Jummai ta faɗa, dariya na shaƙe ta. Hassada ce, Iya ta san ta.

A wani ɗan hawa motar ta tsaya cak, har ta soma ja da baya. Iya ta dafe ƙirji ta kama salati. Yau in motar ta mutu a nan, ina za su sa kansu? Sai ga ta ta yunƙura, ta haye.

A ƙofar gidan suna Iya ta fito, ta shafa jikin motar, ta sa wa Nasidi albarka da ƙarfi yadda na nesa ma zai ji. "A je a faɗa, ɗana bakanike ne!" Aka riƙe hannunta aka yi ciki da ita tana rangaji.

Sai da ta shige zaure Nasidi ya kashe inji, ya ɗauki tulun ruwa ya zaga baya, inda maigidansa Idi da kanikawa shida suka zube ƙasa suna haki, su da suka turo ta tun daga Ƙofar Gayan, giyar kuwa tana can gareji a wargaje kan buhu.