Tarkon da Ya Kwana a Kwali

Buraima mutumin Maraɗi ne, mai wankin motoci a Riyad. Yana zaune a wani tsohon gidan haya a unguwar Manfuha tare da matarsa Biba da 'yarsu Jidda, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. A shekarar da aka tsananta kamen baƙi marasa takarda, iƙamar Biba, wato takardar izinin zamanta, ta ƙare, kafil kuma, ɗan ƙasar da ya tsaya musu, ya yi ta ja musu rai kan sabunta ta, kullum sai gobe. Tun daga nan Buraima ya daina yarda da kowa. Ko mai kawo gas ne ya buga ƙofa, sai ya durƙusa ya leƙa irin takalminsa ta ƙarƙashin ƙofar kafin ya buɗe.

Ana cikin haka aka tafka ruwan sama irin wanda garin bai saba gani ba. Bayan ya ɗauke, sauro ya taso wa unguwar, ba babba ba yaro.

Wata rana da hantsi ma'aikatan lafiya suka shigo gidan, tare da Tamimu, wani ɗalibi ɗan Zariya da suke salla masallaci ɗaya da Buraima, yana yi musu tafinta. Suka kafa abu biyu a tsakar gida. Ɗaya baƙin gwangwani ne mai 'yar fitila da fanka, da jakar raga a gindinsa. Ɗayan kuwa roba ce cike da jiƙon ciyawa mai wari.

"Malam Buraima, tarkon sauro ne," in ji Tamimu. "Na fitilar yana jawo mai neman haske, na ruwan yana jawo macen da ke neman wurin ƙwai. So suke su ga wanne ya fi kamu, su kuma san gidajen da sauron ya fi yawa."

Buraima ya washe baki, ya ce da Larabci, "Ma fi mushkila," wato babu matsala. Amma ko fita ba su gama yi ba ya juya wurin matarsa.

"Kin ji wanga zance? Ƙasar da ke ƙirga mutane tana kora, ita za ta zauna ƙirgar sauro? Waccan ba fitila ba ce, ido ne. Ke suke nema."

"To ka tambayi Malam Tamimu mana, shi da ya san su."

"Shi ɗin mi ya haɗa shi da su? Ruwa ba ya tsami banza."

Fitar da tarkon daga gidan zai jawo ido, shi ya sa Buraima ya ɓullo da dabarar da ya ɗauka ta fi ta kowa. Da an sallame Magariba sai ya cire wa mai fitilar batir, ya jefa shi cikin kwalin na'urar sanyaya ɗaki, ya kife faranti a kan robar. Da ya dawo daga Asuba sai ya mayar da komai yadda yake. Ma'aikata su zo da safe, su ɗaga raga su ga wayam, su kalli juna, su tafi. Shi kuwa gogan yana bayan labule yana jin kansa gwanin wayo.

Sauro dai bai san da wannan wayo ba. Ƙafafun Jidda duk suka yi rudu-rudu, ta yi ta susa tana kuka. Biba ta nuna masa, ya sayo maganin sauro na hayaƙi, ya ce ta yi haƙuri, cizon sauro bai taɓa mayar da kowa Maraɗi ba.

Da aka kwashe tarkunan, motar feshi ta shigo layin. Ta tsaya gidan dama, ta tsaya gidan hagu, ta wuce nasu. Buraima har da dariya. "Kin gani? Sun gaji sun bar mu."

Wurin da Jidda ta fi susa ya zama gyambo. Ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ta. Da suka kai ta asibiti, babu wanda ya ɗaga kai ya tambayi Biba takarda, yarinyar kawai aka karɓa da gudu. Likita ya ce cuta ta bi ta gyambon ta shiga jini. Jidda ba ta dawo gida ba.

Ranar zaman makoki Tamimu ya zo gaisuwa. Bayan addu'a ya zauna yana kore sauro daga wuyansa, ransa a ɓace.

"Wallahi abin nan ya ɗaure min kai, Malam Buraima. Duk gidan da tarko ya cika, sun hau saman gidan sun duba, sun zubar da ruwan da ya kwanta, sun yi feshi. Yanzu na ga tsohon tankin ruwanku ba murfi, tsutsar sauro fal a ciki. Amma tarkunanku duka biyun ko ɗaya ba su kama ba, har cewa suka yi gidan nan ba ya buƙatar komai. Yaya aka yi haka?"

Buraima ya sunkuyar da kai. Daga bayan labule muryar Biba ta fito, a dishe saboda kuka.

"Baban Jidda, gaya mishi inda tarkon yake kwana."

Jama'a, tsoro halak ne, amma zato ba sani ba ne. In ma'aikatan lafiya sun kawo abin da ba ku gane ba, ku tambaya har ku gamsu, kada ku lalata shi a ɓoye. Wanda ya ɓoye wa mai magani cuta, ɗansa cutar za ta ci.