Ranar da Inna ta kira sunana

Lafiyata ƙalau aka kai ni asibiti. Likitoci ne suka zo makarantarmu a Kiyawa neman yara masu lafiya, za su ɗauki hoton ƙwaƙwalwarmu su ga yadda take girma. Inna ce ta raka ni Dutse.

Aka cire mini 'yan kunne, aka tura ni kwance cikin na'ura mai kama da rami. Rufinta dab da hancina, ba damar motsi, ga ƙara kamar injin niƙa. Na fashe da kuka.

Ta lasifika na ji likitar tana cewa, "Mama, kira sunanta, za ta natsu."

Ni kuwa 'yar fari ce. A gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, don kunya. Tun da na yi wayo, "ke" kawai nake ji daga bakin Inna.

Can sai ta kira shi. Ta ce, "Ina nan."

Na yi lamo har aka gama.

Ba ta sake faɗa ba har yau. Wani lokaci nakan ce da ma a mai da ni ramin nan.