Ranar da Kontagora Ta Fice daga Rainon Ingila

Ban tuna ko Asabar ce ko Lahadi ba, kuma sunayen rabin mutanen da suka zauna a kan bencin nan sun ɓace mini. Ni ma ina cikinsu, can baya kusa da taga. Shekarar dai na riƙe ta, ƙarshen 1965 ne, lokacin da turawan Rodeshiya suka ƙwace mulki Ingila kuma ta tsaya kallo.

Akwai kulob ɗin muhawara a Kontagora a wancan zamanin, na malaman makaranta da akawuna, suna haɗuwa bayan la'asar a wani aji. Yawanci abin da suke tattaunawa bai wuce ko manomi ya fi malami amfani ba. A wannan karon shugaban kulob, Malam Mika'ilu, wani malami mai sanyin murya da aka turo daga wajen Bida, ya rubuta sabon batu a allo: Nijeriya ta fice daga Ƙungiyar Ƙasashe Rainon Ingila.

Mutum talatin da wani abu, mafi yawansu ba su taɓa wuce Zungeru ba, suka gyara zama don yanke wa Sarauniya hukunci.

Mutum ɗaya ne maganar ta shafa. Haliru, malamin aji shida, ɗan manomi daga wajen Bobi, shi aka zaɓa a duk lardin ya tafi Ingila kwas ɗin shekara guda a kan tallafin ƙungiyar. Gurbi ɗaya ne. Takardar zaɓen nasa tana aljihunsa kullum, har wurin ninkin ya fara yagewa. Matarsa Kubura ta riga ta sayar da akuyarta ta saya masa akwati.

Maikano, akawun kantin auduga, shi ya buɗe. Kowa ya san bai iya haɗa jimla uku ba tare da tari ba, amma a ranar daga takarda yake karantawa, maganar kuwa tana da kaifi. Ya ce ƙungiyar gidan maigida ce da bayinsa, an dai sake wa bayin suna. Ya ce gyaɗarmu da audugarmu suna tafiya a buhu su dawo a kwalba da bandir, mu kuma muna godiya. Aka yi ta tafi, har da waɗanda rigunan jikinsu daga wannan bandir ɗin aka yanka.

Dokar kulob minti goma ce. Malam Mika'ilu yana da agogo da ƙararrawa a gabansa, amma yana sauraro ne kansa a sunkuye. Maikano ya ci minti ashirin da biyar, ya ƙare da cewa akwai waɗanda suke zagin bature da baki, alhali tikitin bature na aljihunsu.

Ba wanda ya juya. Kowa dai ya san inda Haliru yake zaune.

Wanda aka sa ya kare zama a ƙungiyar bai zo ba. An ce ba a sanar da shi ranar daidai ba. Sai shugaba ya ɗaga kai ya ce, tunda babu mai magana a wancan ɓangaren, ko Malam Haliru zai taimaka, shi da ya fi kowa sanin alherin mutanen.

Wani ya yi dariya daga baya. Haliru ya tashi. Ya ce shi ba bawan kowa ba ne. Ya yage shafi daga littafin aji, ya rubuta layi huɗu, ya sa hannu, ya karanta da ƙarfi cewa ya janye daga kwas ɗin har sai an yi wa mutanen Rodeshiya adalci.

Ajin ya kaure da tafi. Aka ɗaga Haliru sama, aka kaɗa ƙuri'a, Nijeriya ta fice da rinjayen talatin da ɗaya. Sannan kowa ya tafi sallar magariba.

Al'adar kulob ce duk takardar da aka karanta a gaban taro ta shiga jakar shugaba. Malam Mika'ilu ya karɓa yana girgiza kai.

"Malam Haliru, ka yi gaggawa. Ka je ka kwana da maganar, tana nan wurina."

Kubura ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye shi ne kawai ko Rodeshiya ta san sunansa. Washegari da hantsi ya tafi karɓar takardarsa. Malam Mika'ilu ya zazzage jakar har sau biyu, sannan ya dafe kai. Ya ce ashe ta shiga cikin wasiƙun makaranta da ya kai gidan waya da sassafe, motar kuma ta tashi. Ya rako Haliru har bakin hanya yana ba shi haƙuri, idonsa ya yi ja.

Haliru ya rubuta wasiƙa uku yana neman a mayar da shi. Amsa ɗaya ta zo: an ba wa na biyu a jerin sunaye.

Nijeriya ba ta fice ba. A watan Janairu soja suka karɓi mulki, kulob ya watse, aka yi ta canje-canjen wurin aiki, Malam Mika'ilu ma aka ce an mayar da shi Kaduna. Haliru ya ci gaba da koyar da aji shida har ya yi ritaya, bai sake gaida Maikano ba. Akwatin kuwa hatsi Kubura take zubawa a ciki.

Na daɗe ina ɗora wa Maikano laifin, kamar kowa. Bayan shekaru masu yawa, ina neman wani abu dabam a ma'ajiyar tsofaffin takardu a Kaduna, na ci karo da fayil ɗin kwas ɗin, na karanta shi sau biyu don ban yarda da idona ba. Sunaye biyu ne a jerin, na farko an ja masa layi, na biyun kuma Mika'ilu.