Mai Aski da Golan Garinsu

Tun ɗazu nake jin ka, ɗan'uwa, kana cewa a kori koci, a sayar da wane, a kawo wane. Ban hana ka ba, ƙwallo ai ba ta daɗi sai da surutu. Amma ajiye wayar nan tukuna ka ji wani misali.

An yi wani mai aski a wani gari, shagonsa na bakin tasha. Bai taɓa sa ƙafa ya buga ƙwallo ba, amma a ganinsa duk garin babu wanda ya kai shi sanin yadda ake buga ta. In ƙungiyar garin ta yi wasa ran Lahadi, ran Litinin shagon nan cika yake yi, har da masu sanƙo, an zo jin hukunci. Kowace Talata kuma sai ya buga waya gidan rediyo a shirin wasanni. Wata shekara ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe, wanda in ta ci za ta hau babban rukuni. Saura minti uku a tashi aka bugo wata ƙwallo marar ƙarfi, ta sulluɓe daga hannun golansu, ta gangara cikin raga a hankali. Golan nan ɗan garin ne, shekara tara yana tsaron ragar, ba shi da yawan magana. Ran Talata mai aski ya kira rediyo, ya ce shi dai ya san ƙwallon da ta kuɓuce, ya kuma san wadda aka saki, wannan sakinta aka yi, an ba gola na goro. Ba shi da shaida ko ɗaya, ɓacin rai ne kawai. Kafin sati ya zagayo maganar ta gama kasuwa da majalisu. Magoya baya suka yi cincirindo a ƙofar ofishin ƙungiya suna ihun ba sa so. Shugabannin sun san gola bai ci komai ba, amma suna tsoron kujerunsu, sai suka sayar da shi ga wata ƙaramar ƙungiya a gari mai nisa. Motar da ta ɗauke shi ba ta kai ba. Ta yi karo da tirela a hanya, gawarsa aka dawo da ita.

Da sabuwar kakar wasa ta kama, mai aski ya koma wurin zamansa a filin ƙwallo. La'asar ce, rana tarwai. Ana cikin wasa ya hango mutum tsaye a bayan raga, da riga ruwan ɗorawa da safar hannu irin na marigayi gola, ya ba fili baya. Kowa na kallon ƙwallo, shi yana kallon mai aski. Mai aski ya taɓo na kusa da shi ya nuna masa, wancan ya ce bai ga kowa ba. A wasa na gaba mutumin ya matso bakin shinge. A na gaba da shi yana kan matakala ta farko. Ba ya magana, ba ya barazana, tafukan hannunsa kawai yake buɗewa, kamar mai nuna babu komai a ciki. Mai aski ya daina zuwa fili. Wata safiya yana yi wa wani direba gyaran fuska, ya ɗaga kai, ya gan shi a madubi, zaune a bencin masu jiran layi. Da Talata ta zagayo ya kira rediyo, ya ce ƙarya ya yi wa gola, ya janye maganarsa. Mai gabatarwa ya ce Allah ya ji ƙan mamaci, ya ɗauki kira na gaba. A kasuwa kuwa aka ce ai dangin gola ne suka ba mai aski na goro.

Da abin ya ishe shi, ya nemi gidan su gola don ya roƙi gafara. Ya tarar da mahaifinsa a zaure, tsoho ne makaho, da 'yar rediyo a cinyarsa. Yana yin sallama tsohon ya ce, "Na gane muryar. Kai ne na ran Talata." Mai aski ya durƙusa. Tsohon ya ce, "Ni ban taɓa ganin wasan ɗana ba, da kunne nake kallo. Ranar da zai tafi ya tsuguna a nan inda kake, ya ce, Baba, kai ma ka yarda na karɓa? Na tuna yadda ka faɗi maganar a rediyo babu ko tantama, sai na yi shiru. Da shirun nan ya shiga mota." Mai aski ya fashe da kuka, ya ce, "Baba, ka yafe mini." Tsohon ya ce, "Nawa na yafe, kwana kuwa na Allah ne. Nasa sai ka tambaye shi da kanka. Ai tare kuka shigo, takun mutum biyu na ji."

Mai aski ya waiwaya. Abin da ya gani bai gaya wa kowa ba. Sati bai cika ba ya rufe shago ya bar garin. Waɗanda suka haɗu da shi daga baya sun ce yana wani ƙauye yana aski a gindin darbejiya, ya rame, kuma in aka tambaye shi ra'ayinsa kan wani ɗan wasa, sai ya duba bayansa ya ce bai sani ba. Ko fatalwa ce, ko aljani, ko zuciyarsa ce ke bin sa, Allah ne masani. Kai dai faɗi ra'ayinka kan wasa, amma ka auna abin da za ka ɗora wa mutum, don Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.